Ɗana, Kafin Ka Ɗaura Tirela, Tambayi Birkinka

Labari ya iso mini cewa Allah Ya hore maka ka sayi Hilux, har ka kai wa mai walda ya ƙera maka 'yar tirela da za ka riƙa ɗaurawa a baya, da rani ka kai ruwa wuraren gini, da kaka kuma ka ja injin casa zuwa gonaki. Na yi murna ƙwarai. Neman na kai ibada ne, kuma yaron da ya tashi da zuciyar nema ya share wa iyayensa hawaye. Allah Ya sanya albarka, Ya kiyaye hanya.

Sai dai wanda ya kawo mini labarin ya faɗi wata magana da ta hana ni sukuni. Cewa ya yi motar tana jan tankin ruwa kamar ba a ɗaura mata komai ba. Na tambaye shi yadda take tsayawa, ya yi shiru, domin bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Na yi fiye da shekara talatin ina riƙe da sitiyari, tun zamanin akori-kurar Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kuma abin da hanya ta koya mini ke nan: duk wanda zai sayi mota ƙarfin injinta yake tambaya, amma ranar da abu ya gitta masa a kan titi, birki ne yake raba shi da kuka. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta maka wannan, ka karanta a tsanake.

Ka tuna shekarar da na kai ka kallon Hawan Daushe kana ƙarami, na ɗora ka a wuya a Ƙofar Kudu? Mahaya suka taho a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sai da suka iso gaban Sarki suka zame dawakai wuri guda, suka ɗaga hannu suka yi jinjina. Duk wani doki mai ƙoshi yana iya sukuwa. Abin da jama'a suke yi wa sowa shi ne tsayawar nan, yadda linzami ya mallaki dabba mai ƙarfi a daidai inda ake so. Motarka doki ce, birki ne linzaminta. Ranar da ka ɗaura mata tirela, ka ƙara mata doki na biyu a baya wanda ba a sa wa linzami ba.

Ka ɗauko littafin da ya zo da motar, ko ka nemi irinsa, ka buɗe wurin da aka yi maganar jan kaya. Za ka tarar da lamba biyu. A wasu sababbin samfurorin Hilux, ta farko takan kai kilo 3,500, kuma ita ce masu sayar da mota suke son ambata. Amma wannan lambar ta tirela ce mai birkin kanta. Ta biyu, wadda aka ware wa tirelar da ba ta da birki, kilo 750 ce kacal. Dubi tazarar da ke tsakaninsu. Injin bai canza ba, giya ba ta canza ba, ƙugiyar da ake ɗaura tirela ma ita ce dai. Birkin tirela kaɗai ya kawo wannan bambanci. A Ingila ma doka ce: tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birki, kuma marar birkin ba a yarda ta wuce rabin nauyin motar da ke janta ba.

Mafi yawan tirelolin da ake ƙera mana a bakin titi ba su da birki ko kaɗan, ƙarfe ne da taya biyu da wuya. Kuma kilo 750 ɗin nan har da nauyin ita tirelar. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu 15 ya cinye lissafin tun ba a sa ƙarfen a sikeli ba. Idan tirelar kanta ta kai kilo 300, buhu tara kawai ya rage maka. Ruwa ya fi yaudara, don ido ba ya ganin nauyinsa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 1,000 tan guda ke nan cur. Idan ka cika mai lita 2,000, ka ɗaura wa motarka nauyin da ya yi daidai da nata, tunda Hilux mai gida biyu kusan tan biyu take.

Bari in bayyana maka dalilin, domin wanda ya san dalili ba ya mantuwa. Idan ka taka birki, abin da yake yi shi ne ya riƙe ƙafafun mota. Tsayawar kuwa tana faruwa ne a inda taya ta taɓa kwalta, wuri huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ƙarfin riƙon nan yana da iyaka, gwargwadon nauyin da ke danne tayoyin da kuma yanayin titi. Tayoyin tirela marar birki ba sa taimakawa da komai, mirginawa kawai suke yi, nauyin da ke kansu kuma yana turo ka daga baya ta wuyan tirela. Tafin hannu huɗun da aka yi su don tsayar da tan biyu, ka ɗora musu aikin tan huɗu. Sakamakon shi ne nisan da kake buƙata kafin ka tsaya ya kusan ninkawa.

Ga lissafin a fili, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Idan kana gudun kilomita 80 a awa, kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga saniya, ƙafarka ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, mita 22 sun tafi. Mota ita kaɗai za ta ƙara kimanin mita 35 ta tsaya. Da tirela mai nauyinta a baya, 35 ɗin nan za su koma wajen 70. Gudu kuma ya fi nauyi haɗari, domin idan ka ninka nauyi da tirela marar birki nisan tsayawa ninki biyu yake yi, amma idan ka ninka gudu ninki huɗu yake yi. A kilomita 100 da wannan kayan, ko filin ƙwallo aka shimfiɗa maka ba zai ishe ka tsayawa ba. A kilomita 50 kuwa, kimanin mita 42 sun wadatar, wato ƙasa da abin da motar take buƙata ita kaɗai a kilomita 80. Ka ga maganin yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Idan an yi ruwan sama, ko yashi ya hau titi, ko taya ta suɗe, sai ka ƙara a kan duk waɗannan. Na'urar ABS da ke cikin sababbin motoci tana hana taya kullewa don ka iya juya sitiyari, amma ba ta san da tirela ba, kuma ba ta rage mata ko kilo ɗaya.

Sai maganar gangara, inda na fi jin tsoro a kanka. Birki yana aiki ne da gogayya, gogayya kuma zafi take haifarwa. Duk gudun da ka kashe, wuta ya koma a faifan birkin gaba da gangar birkin baya. A shimfiɗaɗɗen titi kana taka birki ka saki, iska ta sanyaya shi. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, idan ka sauko daga Jos za ka Akwanga, ko saukowar tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe, mai ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama ba ya ba shi damar hucewa. Ledar birki ta yi zafi ta daina kamawa, kana takawa da ƙarfi mota tana tafiya. Idan abin ya ci gaba, man birki ya tafasa. Sabon mai irin DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, amma yana shan laima daga iska a hankali, wanda ya tsufa yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa, babu komai. Wannan ne abin da ake cewa birki ya tsinke, alhali sau da yawa ba abin da ya tsinke, ƙona shi aka yi. Don haka ka riƙa canza man birki duk bayan shekara biyu. Kada kuma ka yarda wani ya zuba maka ruwan sabulu a madadinsa kamar yadda wasu suke yi idan ya ƙare a hanya, domin ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Na ɗanɗana wannan da kaina, kuma ban taɓa ba ka labarin ba. Ina saurayi kamarka, aka ba ni akori-kura in kai tankin ruwa wani wurin aiki, hanyar kuma tana da gangara mai tsawo wadda kasuwar ƙauye take gindinta. Don in yi tsimin mai sai na sa motar a firi, yadda na ga manya suna yi. Ban kai rabi ba na ji ƙauri yana shigowa ta taga, birki ya fara nisa, tankin yana dukan motar daga baya. Na hango rumfuna da mata ɗauke da ƙwarya, da yara suna tsallaka titi. Da ƙyar giya ta yarda ta shiga, injin ya yi kuka, na karkata motar cikin wani tarin yashi a gefen hanya, Allah Ya tsayar da ita. Na fito ƙafafuna ba sa iya ɗaukata. Wani dattijo mai sayar da rake ya zo ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, bai ce mini komai ba. Har yau idan na rufe ido ina ganin yaran nan. Man da na so in yi tsiminsa bai kai cikin gwangwani ba.

Daga ranar na riƙe ƙa'ida ɗaya, ita nake ba ka gado: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Ka sa ta tun kana sama, kafin mota ta ɗauki gudu, ka bar injin ya riƙe nauyin. Idan motarka mai canza giya da kanta ce, ka mayar da ita ƙaramar giya da hannunka. Idan gudu ya ƙaru, ka taka birki sosai na ɗan lokaci ka rage shi, sannan ka saki ya sha iska. Da ka ji ƙauri, ko ka ji birki ya canza a ƙafarka, ka nemi wuri ka tsaya, yaron mota ya sa waigi, ku zauna a inuwa har ya huce da kansa. Kada a watsa masa ruwa, ƙarfe mai zafi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Yadda aka jera kaya shi ma yana da hannu a tsayawa. Abin da aka fi so shi ne kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan ya kasance gaban tayoyin tirela, yadda wuyanta zai danna ƙugiyar mota da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta. Idan ka ga wuyan yana ɗagawa sama da kansa kafin a ɗaura, kaya sun yi baya da yawa. Irin wannan tirelar da an ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya, dama da hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya. Idan kuma ka ga bayan mota ya durƙusa, fitilun gaba suna kallon sama, kaya sun yi gaba da yawa, tayoyin gaba sun yi sakayau, alhali su ne suke yin mafi yawan aikin birki, su ne kuma suke juya mota. Kowane kaya a ɗaure shi tamau. Tanki kuwa ka cika shi ko ka bar shi wayam, domin rabin tanki ruwansa yana gudu gaba ya dawo baya, ka tsaya ya tunkuɗo ka, ka shiga kwana ya ja ka gefe.

Idan Allah Ya ƙaddara ta fara kaɗa wutsiya, zuciya za ta ce ka danna birki, kada ka biye mata. Ka riƙe sitiyari daidai da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali har ta lafa, sannan ka tsaya ka gyara lodin. Haka nan ka gama rage gudu tun mota da tirela suna kan layi ɗaya, kafin ka shiga kwana. Wanda ya danna birki a tsakiyar kwana, tirela takan turo bayan motarsa gefe, su naɗe da juna kamar askar wanzami, kuma idan ta kai nan ba gwanin da zai iya warware ta.

Na san halin mutanenmu na taimako, wata rana za a tsayar da kai a ce ka ja wata mota da ta mace. Taimako alheri ne, amma ka san abin da ka ɗauka. Birkin mota yana samun taimakon injin, idan injin ba ya aiki, taku ɗaya ko biyu birkin ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Wanda ke zaune a motar bayan ba zai iya tsayawa yadda ya saba ba, igiya kuma ja kawai ta sani, ba ta tare komai. Ƙarfen ja ya fi igiya aminci nesa ba kusa ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa motar janwe kilomita 45 a awa idan tana jan wata, ita da aka ƙera don wannan aikin. Kai da igiya sai ka yi ƙasa da haka, ka kai shi gareji mafi kusa ka sauke nauyi.

To mene ne mafita ga sana'arka? Idan kayanka za su riƙa wuce kilo 750, ka tara kuɗi ka sa wa tirelar birki, ko ka nemi wadda ta zo da shi. Akwai irin da wuyanta yake da ƙarfe mai shiga da fita, da mota ta rage gudu tirela ta matso, matsowar ce take kama birkinta. Akwai kuma mai aiki da lantarki, wanda ake haɗa shi da birkin mota. Kafin Allah Ya hore wannan, ka raba kaya sawu biyu. Na san mai ya yi tsada, kuma mai kaya zai matsa maka ya ce saura buhu biyar kawai. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi. Kuɗin sawu ɗaya ana mayar da shi gobe.

Kowace safiya, kafin ka tayar, ka zagaya motar da ƙafarka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba ƙugiya ta kulle, ka duba waldar wuyan ko ta fara tsagewa. Ka sa sarƙa biyu ka gicciya su a ƙarƙashin wuyan, yadda ko ƙugiya ta ɓalle wuyan zai faɗa a kansu, tirela ba za ta kama gabanta cikin mutane ba. Ka tabbata jar fitilar birki tana kamawa a bayan tirelar, domin ita ta rufe ta motar, na bayanka ita kaɗai yake gani. Ka duba iskar taya shida, har da na tirela da ake yawan sa musu tsofaffin da aka cire. Da ka fita, ka gwada birki a hankali a inda babu kowa, ka ji yadda nauyin ranar yake. A hanya kuma tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ka ninka ta. Idan wani ya shiga tazarar, ka sake ja baya ba tare da ɓacin rai ba. Duk inda ka tsaya a kan tudu, birkin hannu da giya da waigi, duka uku. Sannan kada ka taɓa ɗaukar mutum a kan tirela, ko ma'aikatan gona ne, ko tafiyar ba ta da nisa.

Za ka ji abokan sana'a suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, babu mai tsere wa abin da Allah Ya rubuta. Amma addininmu ya koya mana mutum ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Ubangijinsa, kuma wanda ya san kayansa sun fi ƙarfin birkinsa ya hau titi da su, ba zai kira abin da ya biyo baya tsautsayi kawai ba. Titin nan da kake bi akwai ɗan makaranta a kansa, da mai tallar nono, da makiyayi da garkensa, da ɗan acaɓa mai goyon mace da jariri. Babu wanda ya san abin da ka ɗauro a baya, duk sun amince cewa idan suka gitta za ka iya tsayawa. Wannan amana ce a wuyanka.

Ɗana, ban rubuta wannan don in sanyaya maka gwiwa ba. Sana'arka mai kyau ce, kuma ina sa ran in ga ka ƙara mota ta biyu da ta uku. Abin da nake roƙonka shi ne duk lokacin da ake yi maka lodi, ka auna kayan da abin da za ka iya tsayarwa, ka bar abin da injin zai iya ja. Sannu ba ta hana zuwa. Ka karanta wa yaron motarka wannan takarda, ka kuma nuna wa duk wanda ka ga ya ɗaura tirela a tasharku. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da jikokina. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya kare ka daga ɗaukar ran wani, amin.